Sujadar Lahadi a lokacin bazara: a rage ta, a sauya mata lokaci, ko a bar ta yadda take?

Baban Ishaku (Manchester, Ingila)

Salama a gare ku iyaye da 'yan'uwa cikin Ubangiji. Ina da wata magana da nake so a taimaka mini da shawara a kanta, domin ta jawo mana doguwar tattaunawa a gida ni da mai ɗakina, kuma na san a wannan zaure akwai dattawan ikkilisiya da malamai da suka fi ni sani. Ikkilisiyar Angilikan da muke zuwa a unguwarmu ta fitar da tsarin sujada na bazara, wanda zai fara aiki daga ƙarshen Yuli, lokacin da makarantu ke tafiya dogon hutu na kusan mako shida, har zuwa farkon Satumba. A sauran watanni sujada biyu ake yi da safiyar Lahadi, ta ƙarfe tara wadda galibi tsofaffi ke zuwa, da ta sha ɗaya wadda masu iyali suka fi cika. Yanzu an haɗe su wuri ɗaya da ƙarfe goma. Ƙungiyar mawaƙa ta tafi hutu na dukan watan Agusta, an rufe makarantar Lahadi, an dakatar da addu'ar yamma, haka ma nazarin Littafi Mai Tsarki da ake yi gida-gida a tsakiyar mako. Akwai kuma Lahadi ɗaya da za a yi sujada a filin shaƙatawa na unguwa, kowa ya zo da abincinsa da abin shimfiɗarsa.

Dalilin da aka bayar shi ne jama'a da yawa suna tafiye-tafiye a wannan lokaci. Ban ga laifinsu ƙwarai ba, domin wanda ya sha hunturun ƙasar nan, inda duhu ke shiga tun ƙarfe huɗu na yamma a Disamba, zai fahimci abin da ya sa mutane ke rububin rana a watannin da ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare. Amma mai ɗakina ta ce tun tana yarinya a cikin mawaƙa ba ta taɓa jin an ce mawaƙa sun tafi hutu ba, kuma abin ya tsaya mata a rai. Tambayata kashi biyu ce. Na farko, rage hidimomin Lahadi saboda yanayi hikima ce, ko kuwa sanyin jiki ne da aka nema wa hujja? Na biyu, mu da muka fito daga inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, amma ake zama sa'a uku ko huɗu a ƙarƙashin kwano ba a rage ko waƙa ɗaya ba, mu ne a kan daidai, ko akwai abin da ya kamata mu sake dubawa?

Baba Dattijo (Kafanchan)

Ɗana Baban Ishaku, na karanta maganarka, kuma ina tare da matarka. Marubucin Ibraniyawa a sura 10 aya 25 ya gargaɗe mu kada mu bar taruwa, ya kuma ambaci cewa waɗansu sun riga sun mayar da barin taruwar al'adarsu. Wurin da nake so ka lura da shi ke nan, domin ba a wayi gari ɗaya majami'un Turai suka zama fanko ba, a hankali aka saba, kuma irin wannan hutu na shekara-shekara yana cikin abubuwan da ke koya wa mutum sabo. Yaron da aka ce masa babu makarantar Lahadi mako shida a jere, a daidai lokacin da ya fi samun sarari a duk shekara, an koya masa cewa sha'anin Allah darasi ne irin na aji, wanda ake ajiyewa idan an ba da hutu.

A Nehemiya sura 8, Ezra ya karanta Attaura a dandalin da ke gaban Ƙofar Ruwa tun daga sassafe har tsakar rana, maza da mata da duk mai iya fahimta suna sauraro, kuma ba a ambaci rumfa ko mafici ba. Iyayenmu suna tasowa daga ƙauyuka a ƙafa, mata da goyo, su iso sujada, su zauna a kan kututture ko dakalin ƙasa, ba wanda ya taɓa duba agogo. Ban ce a azabtar da mutane ba, amma idan jiki ne zai riƙa tsara mana Lahadi, a bazara zai ce zafi, a damina ya ce ruwa, da hunturu kuma ya ce sanyi.

Maman Rifkatu (Gusau)

Baba, ina gaisuwa, Allah ya ƙara muku lafiya da tsawon kwana. A kan rufe makarantar Lahadi ina bayanku ɗari bisa ɗari, amma da izininku zan yi magana a kan tambaya ta biyu, domin ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma zafin Kafanchan ba ɗaya yake da na Gusau ko Sakkwato ko Maiduguri ba. Ista kullum tana faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, wato ranar da majami'a ta fi cika a shekara tana zuwa ne a tsakiyar zafinmu, kuma lokacin ne sanƙarau ya fi yaɗuwa a ɗakunan da aka cunkushe babu iska. A wata Lahadin Ista an ɗauke wuta, janaretan da muke da shi kuwa lasifika kaɗai yake iya ɗauka, fankoki suna tsaye. Ana cikin rarraba Jibin Ubangiji sai wata tsohuwa mai hawan jini ta sulale daga kan benci. Muka ɗauke ta zuwa gindin darbejiya, muka kwance mata ɗankwali, muka jiƙa zane muna goga mata a wuya da fuska, sai da ta dawo hayyacinta muka ba ta ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Abin da ta fara tambaya shi ne ko ƙoƙon Jibin ya wuce ta. Irin wannan tsohuwa ba za a ce mata mai sanyin jiki ba, tsarinmu ne ya zaunar da ita daga tara har kusan ɗaya na rana.

Ezra ɗin da Baba ya ambata da sassafe ya fara, ya kuma tsaya da tsakar rana, mu kuwa a allo an rubuta ƙarfe tara, amma ba a kankama sai wajen goma saura, sai mu gama a lokacin da kwano ya fi ɗaukar zafi. Sa'annan ina roƙon a duba da gaskiya abin da ke cinye lokacin. Addu'ar da jama'a ke yi tare, wadda ake roƙo domin marasa lafiya da ƙasa da masu mulki, sau da yawa ba ta kai minti goma ba, har ma nakan ji mai jagora yana cewa a taƙaita saboda lokaci ya tafi. Amma sanarwa sai ta fi wa'azi tsawo, a karanta wasiƙun gayyata ɗaya bayan ɗaya, a fita baiko sau uku da rawa, kowace ƙungiya kuma, daga Zumuntar Mata zuwa matasa da Sabon Rai da mawaƙa, sai ta yi waƙa biyu. Idan za a rage wani abu saboda zafi, a nan ne ya kamata almakashi ya shiga, addu'a da karatu da wa'azi kuwa a bar su cikakku.

Malam Mai Tarihi (Jos)

Ina gaida Baba da Mama. Zan ɗan kawo abin da aka sani game da ikkilisiyar farko, domin yana raba mana abu biyu da muke haɗawa, wato taruwar kanta da kuma sa'ar da ake yin ta. Wajen shekara ta 112 wani gwamnan Romawa mai suna Filini, wanda ke mulkin Bitiniya a ƙasar Turkiyya ta yau, ya rubuta wa sarki Tarajan abin da bincikensa ya nuna game da Kirista. Ya ce suna taruwa a wata rana da suka keɓe tun kafin gari ya waye, su yi waƙar yabo ga Almasihu, su watse, daga baya su sake haɗuwa domin cin abinci. A lokacin Lahadi ranar aiki ce, bawa ko leburan da ke cikinsu ba shi da ikon cewa yau ba zai fita ba, saboda haka suka ɗauki sa'ar da ba mai ƙwace musu ita. A Taruwasa kuma, cikin Ayyukan Manzanni sura 20, da dare aka taru a ranar farko ta mako, a bene mai fitilu da yawa, Bulus ya ja magana har tsakar dare, saurayin nan Aftikos da ke zaune a taga barci ya kwashe shi ya faɗo daga hawa na uku. Ina yawan tuna wa ɗalibaina cewa zama a taga da gyangyaɗi a sujada sun girme mu ƙwarai.

Wajen shekara ta 150 wani marubuci Kirista mai suna Yustinu Shahidi ya bayyana sujadar Lahadi a Roma, kuma jerin abin da ya kawo gajere ne. Mutanen birni da na karkara suna taruwa wuri ɗaya, a karanta rubuce-rubucen manzanni ko na annabawa gwargwadon yadda lokaci ya ba da hali, shugaba ya yi gargaɗi, kowa ya miƙe a yi addu'a tare, a kawo gurasa da ruwan inabi da ruwa a yi godiya, jama'a su amsa da Amin, a tara taimako domin marayu da gwauraye da marasa lafiya da baƙi, dikinoni kuma, wato masu hidimar ikkilisiya, su kai wa waɗanda ba su samu zuwa ba rabonsu. Tsawon karatu ya bar shi ga hali, amma bai nuna cewa akwai watan da ake ajiye addu'ar tare ko tunawa da waɗanda ba su zo ba. A ganina wannan ne ma'aunin da Baban Ishaku zai ɗora tsarin ikkilisiyarsu a kai. Haɗe sujada biyu wuri ɗaya bai taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, wataƙila ma ya sa tsofaffin ƙarfe tara su san sunayen yaran sha ɗaya. Dakatar da addu'ar yamma da koyar da yara kuwa wata magana ce dabam.

Wani abu kuma da zai ba waɗansu mamaki: dokar da sarki Kustantin ya yi a Maris na 321, wadda ta mayar da Lahadi ranar hutu ga alƙalai da mutanen birni da masu sana'a, ta bar manoman karkara su ci gaba da aikin gona, bisa hujjar cewa ranar da ta dace da shuka takan zo ba a zaɓe ta ba.

Mai Bishara (karkarar Maraɗi, Nijar)

Malam ya taɓo inda ke yi mana ƙaiƙayi. Watannin da Baban Ishaku ke magana a kansu, Yuli zuwa Satumba, su ne daminarmu, kuma abin da ke faruwa a wurinmu kishiyar na Ingila ne. Mu da rani majami'a ke raguwa, domin bayan an kai amfanin gona rumbu samari da magidanta da yawa sukan tafi ci-rani, wasu Kano, wasu Agadas, wasu har Libiya da Aljeriya, a bar mu da tsofaffi da mata da yara. Da zarar hadari ya fara haɗuwa sai su dawo, bencin maza ya cika, a samu masu kaɗa ganga. Ba mu taɓa rufe komai da rani don mutane sun ragu ba. Abin da muke yi shi ne idan zafi ya tsananta mu fitar da bencina zuwa rumfar kara da ke bayan majami'a, wanda ya iya karatu a cikin yaran makaranta ya karanta nassi, mata su ja waƙa daga Littafin Waƙoƙi, mu ambaci 'yan ci-rani da sunayensu ɗaya-ɗaya a cikin addu'a.

Matsalarmu ta damina ita ce wadda Malam ya ambata. Daminarmu gajera ce, wata uku ne da ɗan abin da ya ɗora, ƙasarmu kuma jigawa ce da ba ta riƙe laima. Idan ruwan shuka ya sauka daren Asabar, manomi ya san kwana ɗaya ko biyu gare shi kafin ƙasa ta bushe, bai kuma san ranar da wani ruwan zai sake zuwa ba. Maƙwabtansa duk sun fita da sungumi tun asuba, shi yana tsaye a ƙofar gida da irin gero a ƙwarya, yana jin ƙararrawar sujada. Na ga magidanta suna zaune a gabana ina wa'azi, idanunsu na kan taga. Abin da dattawanmu suka tsayar shi ne a irin wannan Lahadi a taru da ƙarfe shida, a yi addu'a a kan irin da kowa ya kawo, a yi karatu da gajeren gargaɗi, a sallami jama'a kafin takwas, abin da mutum ya yi bayan nan kuwa tsakaninsa da Ubangijinsa. Ba dukanmu muka gamsu ba, akwai tsofaffi biyu da har yanzu suke cewa mun buɗe ƙofar da ba za mu iya rufewa ba.

Baba Dattijo (Kafanchan)

Waɗannan tsofaffi biyu ku riƙe su da kyau, Mai Bishara. Ni ma ɗan manomi ne, na san abin da ake nufi da ruwan shuka, amma Fitowa 34:21 ba ta bar mana wurin zamewa ba, domin a nan aka ce a huta a rana ta bakwai, aka kuma ƙara da cewa ko a lokacin huɗa ko a lokacin girbi. Wanda ya ba da umarnin ya san damina, shi ya sa ya ambaci lokacin da hutun ya fi wuya. Dokar Kustantin dokar sarki ce, ba nassi ba ce. Farawa da ƙarfe shida ban ƙi shi ba, 'yata Maman Rifkatu ma ta faɗi gaskiya a kan sanarwa, na sha yin wannan faɗa a majalisar dattawa. Amma a sallami mutane da wuri domin su tafi gona, wannan ban sa hannu ba.

Malam Mai Tarihi (Jos)

Gaskiya ne Baba, ban kawo dokar a matsayin nassi ba, na kawo ta ne don a ga cewa wannan tambaya ta manomi tsohuwa ce. Sai dai ayar Fitowa a kan Asabar take magana, kuma ikkilisiyoyi sun daɗe da sabani a kan ko dukan hukuncin Asabar ya koma kan Lahadi. Masu bisharar da suka zo mana daga Ingila da Kanada da Amurka galibi sun fito ne daga al'adar da ke tsananta kiyaye Lahadi, ita muka gada. Akwai kuma Markus 2:27, inda Ubangiji ya nuna cewa domin mutum aka yi Asabar. Ba na jin za mu warware wannan a nan, amma na lura cewa Mai Bishara bai ce a fasa taruwa ba.

Katikis (Malumfashi)

Salama. A Katolika an sauƙaƙa wani ɓangare na wannan, domin dokar ikkilisiya ta 1983 ta amince cewa wanda ya halarci Mas da yammacin Asabar ya sauke nauyin Lahadi, saboda haka ma'aikacin asibiti ko matafiyi yana da mafita, kuma wanda ya tafi hutu wani gari wajibinsa yana biye da shi, sai ya nemi coci a inda ya sauka. Amma a ƙauyukanmu abin da damina ke kawowa dabam ne. Fada ɗaya yana da ƙananan majami'u da yawa a ƙarƙashinsa, idan rafi ya kawo ruwa a Agusta babur ba ya hayewa, sai a yi makonni ba a gan shi ba. Ba ma cewa tunda babu Fada babu Lahadi. Katikis ne ke tara jama'a, a yi karatun ranar kamar yadda ake yinsa a ko'ina cikin duniya, a yi addu'o'in masu bi, Zumuntar Mata su yi waƙa. Idan ruwa ya sauko a kan kwano har ba a jin muryar mai karatu, sai mu ajiye karatu mu shiga waƙa ko addu'ar da kowa ya haddace har ya tsagaita, mu koma inda muka tsaya.

Maman Hannatu (Indiyana, Amurka)

Ina gaida iyayena. Ni 'yar EYN ce, wato Ikkilisiyar 'Yan'uwa a Najeriya, kuma duk wanda ya tashi a cikinta ya san cewa sujadarmu ta farko a gindin tsamiya aka yi ta a Garkida, ranar 17 ga Maris 1923, lokacin da masu bishara Stover Kulp da Albert Helser suka iso ƙasar Bura, wato a waje kuma a cikin zafi. Don haka sujada a filin shaƙatawa da Baban Ishaku ya ambata ba ta dame ni ba ko kaɗan. A Filibi ma bakin kogi Bulus ya sami Lidiya da sauran mata a wurin addu'a. Ina so kuma a sani cewa bazara a ƙasashen nan ba kullum take nufin raguwa ba. A Amurka lokacin ne aka saba yin manyan tarukan farkawa a sansani, irin na Cane Ridge a jihar Kentucky a Agustan 1801, inda dubban mutane suka yi kwanaki a daji suna sauraron wa'azi. A Ingila taron Keswick tun 1875 ake yinsa, kuma da bazara ne. Ikkilisiyar da nake zuwa a nan tana rage makarantar Lahadi, amma tana yin makarantar Littafi Mai Tsarki ta hutu, mako guda cur, yaran unguwa da iyayensu ba sa zuwa coci ma suna shigowa.

Abin da na fi so a duba shi ne su wane ne ke saura idan masu tafiya sun tafi. Waɗanda ke tsara jadawalin bazara yawanci su ne masu halin zuwa bakin teku, sai su ɗauka kowa ya watse. Amma a Lahadin Agusta idan na waiga, waɗanda nake gani su ne gwauruwar da 'ya'yanta ke wata jiha, da dattijon da ke zuwa da keken guragu, da baƙi irinmu masu aikin kula da tsofaffi waɗanda ba su da hutu, da ɗaliban ƙasashen waje da kuɗin jirgi ya fi ƙarfinsu. Ga waɗannan mutane addu'ar yamma da taron tsakiyar mako su ne kaɗai wurin da wani zai kira sunansu a cikin mako. Wata ma'aikaciya 'yar Ghana da ke aikin dare ta gaya mini cewa da aka haɗe sujada zuwa ƙarfe goma sai ta rasa Lahadinta gaba ɗaya, domin ta farkon ce take iya kamawa daga wurin aiki kafin barci ya ci ƙarfinta. Saboda haka ko haɗewar da Malam ya ce ba ta taɓa komai ba, tana da wanda take taɓawa.

Ɗan Matasa (Kaduna)

Iyaye, a yi mini haƙuri in sa baki. Sujada a waje tana da daɗin ji, amma a garuruwanmu da dama ba abu ne da za a yi da ka ba, domin shekaru ke nan ana binciken jaka a ƙofa, ana hana ajiye mota kusa da gini, samari suna gadi a waje har a tashi. Fitar da jama'a fili yana buƙatar shawara da masu tsaro da kuma mutanen unguwa, ban da batun lasifika da haƙƙin maƙwabta. Ni shawarata ita ce tunda a 2020, lokacin kullen korona, mun koyi watsa sujada ta Facebook da YouTube, me zai hana wanda ya yi tafiya ko tsohon da zafi ke wahalarwa ya bi daga gida?

Maman Rifkatu (Gusau)

Ɗana, ga marar lafiya da ke kwance wannan alheri ne, ina ma kunna wa majinyata idan sun roƙa. Amma tsohuwar da na ba da labarinta ba ta da babbar waya, ko tana da ita ba ta da kuɗin data, kuma abin da ya fito da ita daga gida ƙoƙon ne da hannun da zai miƙa mata shi. Dikinonin da Malam ya ambata da ƙafarsu suke zuwa gidan wanda bai zo ba. Idan muka ce tsofaffi su zauna a gida saboda zafi, mun gyara wa kanmu ne, su kuma mun cire su. A gyara lokaci da ginin yadda za su iya zama. Wanda ya taɓa shiga tsohon cocin Wusasa, wanda aka gina da ƙasa tun wajen 1929 da katanga mai kauri irin ginin Zazzau, ya san bambancinsa da dogayen gine-ginen bulo da muke yi yanzu, kwano babu silin, tagogi ƙanana saboda tsadar ƙarfe.

Baban Ishaku (Manchester, Ingila)

Na gode ƙwarai, iyaye da 'yan'uwa. Bayan sujadar jiya na sami limamin ikkilisiyarmu na gaya masa damuwarmu, musamman maganar Maman Hannatu a kan waɗanda ke saura. Ya saurare ni da kyau, ya kuma bayyana mini abin da ke bayan rufe makarantar Lahadi. Ƙa'idarsu ita ce ba a barin yara da babba ɗaya, dole a samu aƙalla biyu a kowane aji, kuma sai waɗanda hukuma ta binciki tarihinsu ta ba su takarda. Masu wannan takarda a ikkilisiyar kaɗan ne, duk 'yan sa-kai ne, su ne ke riƙe da ajin tun Satumba, yawancinsu kuma malaman makaranta ne da ba su da wani hutu sai wannan. Daga nan sai ya tambaye ni ko ni da mai ɗakina za mu cika takardar binciken domin baɗi, ya ce addu'ar yamma kuwa ba ta buƙatar limami, idan akwai mai buɗe ƙofa ya jagoranta zai ba da mabuɗi tun wannan makon. Mai ɗakina ta karɓi mabuɗin. Ta riga ta kira iyalai uku, biyu 'yan Najeriya ɗaya 'yan Iran, da tsofaffi biyu Turawa daga masu zuwa ta ƙarfe tara. Mawaƙa dai suna hutunsu, wannan bai canza ba, ita ma ba ta canza ra'ayinta a kansa ba.

Baba Dattijo (Kafanchan)

Ka gaida mini 'yata, ta yi abin da ya kamata. Ka gaya mata kada ta jira mawaƙa, ta ɗauki Littafin Waƙoƙinta ta koya wa Turawan nan amshi ɗaya ko biyu. Batun gona ranar Lahadi kuwa ina nan a kan bakana.

Maman Rifkatu (Gusau)

Ni ma na kai shawarar a riƙa fara sujada da ƙarfe bakwai gaban dattawanmu domin watannin Maris zuwa Mayu na baɗi, tare da roƙon a liƙa sanarwa a allo a kuma tura ta waya maimakon karanta ta duka. Sun karɓi maganar sanarwa, amma matan Zumunta ne da kansu suka yi tsaiko a kan lokacin, suka ce kafin mace ta samo ruwa, ta yi wa yara wanka, ta ɗora abin kari, bakwai ta wuce, ga kuma masu zuwa daga bayan gari da ke jiran abin hawa. Mai Bishara, ku da kuke taruwa da shida, yaya matanku suke yi?

Mai Bishara (karkarar Maraɗi, Nijar)

Mama, a wurinmu shirin tun daren Asabar ake yinsa. Ana ɗebo ruwa da yamma, a tuƙa tuwo da yawa yadda zai kwana, da safe ɗumame kawai ake yi, wasu ma sai an dawo suke karyawa. Ana buga ƙarfe sau biyu, na farko da asuba domin tashi, na biyu idan gari ya fara haske, kuma mun roƙi magidanta su riƙa tafiya da manyan yara a bugun farko don a rage wa mata aiki, ko da yake ba kowa ke yi ba. Sai dai mu duk a ƙauye ɗaya muke, mafi nisa tafiyar rabin sa'a ce a ƙafa, don haka ban san ko zai yi muku daidai a birni ba. Inda tsarin ke karye mana shi ne Lahadin Jibin Ubangiji, domin ni ba naɗaɗɗe ba ne, faston da ke zuwa ba mu kuwa sai ya gama da wani ƙauye tukuna ya hau babur, ba ya isowa kafin goma da rabi. A irin wannan rana muna yin sujadar safe mu sallami jama'a, su koma gida su karya, a sake buga ƙarfe idan an ji ƙarar babur ɗinsa.